Kafin a sayar da tsohon molo, a tambayi sunan mai shi

A shekarar 2003 mutanen Wagadugu suka ga asara biyu waɗanda har yau ba a daina zancensu ba. A watan Mayu gobara ta cinye babbar kasuwar Rood Woko, wadda ba a sake buɗe ta ba sai a 2009. Kafin shekarar ta fita kuma katafila ta bi ta kan unguwar Zango, wadda takardun gwamnati ke kira Zangouettin, tare da maƙwabtanta irin su Tiedpalogo da wani sashe na Koulouba, a ƙarƙashin shirin nan na ZACA da aka ce zai mai da tsakiyar birni wurin ofisoshi da manyan shaguna. Mutane fiye da dubu goma aka tasa, waɗansu aka ba su filaye a gefen Ouaga 2000, waɗansu a Nioko. An yi ta jayayya a kan diyyar fili da ta gini, an ƙirga ɗakuna, an auna katanga. Abin da ba wanda ya ƙirga shi ne abin da ke rataye a jikin katangar.

Duk wanda ya taɓa kwashe gida cikin gaggawa ya san yadda abin yake. Ana fara ɗaukar gado da katifa da kwanukan uwargida da takardun fili, sai buhun hatsi. Tsohuwar garayar da kaka ya bari, ko molon da ba a taɓa shi ba tun ranar da mai shi ya kwanta dama, su ne ake cewa a bari a dawo a ɗauka. Sau da yawa wanda ke dawowa ya ɗauka ba ɗan gidan ba ne, mai sayen tarkace ne. Daga hannunsa kuma abin ya faɗo hannunmu, mu dillalai da 'yan gwanjo da masu sayar wa baƙi kayan gargajiya, daga Sankanse da Bitu da Bawku har zuwa Gaya da Ƙonni da Illela da Jibiya da Maigatari. Wannan ne ya sa muka ga ya kamata mu yi wa kanmu magana a wannan fili, domin zancen na aljihunmu ne, na mutuncinmu ne kuma.

Maganar a taƙaice ita ce, ba mu iya cinikin tsofaffin kayan kiɗa ba. Mu da muke iya bambance goron Gwanja da na Kurmi da ido kawai, mu da muke murza shadda da yatsa biyu mu faɗi kuɗinta, in aka miƙo mana tsohon gurmi sai mu yi ɗayan biyu. Ko dai mu raina shi mu sayar a jaka biyu, ko kuwa mu shafa masa fenti da man ƙyalli na kafinta, mu laƙa masa ƙarya cewa daga fadar wani sarki ya fito. Duka biyun asara ce, ta biyun ma ta fi muni, domin ta farko kuɗi kawai ta ci, ta biyu kuwa ta ci kayan ta ci amana.

Bari mu leƙa kasuwar waɗansu mu ga yadda suke yi. Turawa suna da wani ɗan ƙaramin molo da suke kira mandolin, mai tsirkiya takwas da aka jera bibbiyu. A garin Kalamazoo na Amurka, kamfanin Gibson ya ƙera wani samfuri da ake kira F-5 tsakanin 1922 da 1924, wani ma'aikacinsu mai suna Lloyd Loar ya riƙa sa hannu da kwanan wata a kan 'yar takarda ana manna ta a cikin cikin kowane ɗaya. 'Yan ɗaruruwa ne kawai aka yi. A yau ana sayar da guda ɗaya sama da dala dubu 100, wato fiye da sefa miliyan 50. Itace ne dai da tsirkiya, kuma akwai maƙeran zamani da ke yin mai daɗin amo kwatankwacinsa a kuɗin da bai kai ko kusa ba. Abin da mai saye ke biya shi ne wannan 'yar takarda, da lambar da ke kanta, da kuma tabbacin cewa ba wanda ya kankare jikin ya sake masa shafi. In aka gano an sake shafin, nan take farashi ya rikito.

Mafi shahara a cikinsu shi ne na wani makaɗi Bill Monroe, wanda takardarsa ke ɗauke da ranar 9 ga Yuli 1923. A shagon wanzami ya saye shi a jihar Florida cikin shekarun 1940 a kan dala 150. A 1985 wani ya shiga gidansa ya farfasa shi da ƙarfen tonon wuta. Da a wajenmu ne da tuni an hura shayi da shi. Su kuwa sai wani gwani mai suna Charlie Derrington ya zauna wata da watanni yana haɗa ɓaraguzan ɗaya bayan ɗaya, ɗaruruwansu, har mai shi ya koma kaɗa abinsa. Yanzu yana ajiye a gidan tarihin mawaƙa a birnin Nashville.

Wani zai ce ai wannan kayan Turawa ne, na masana'anta, namu kuwa ƙwarya ce da fata, ba sa daɗewa. To ga amsa. A gidan tarihi na birnin Leiden a ƙasar Holan akwai wani abin kiɗa na duma da fata da sanda wanda wani soja, John Gabriel Stedman, ya samo a hannun bayi baƙar fata a Suriname cikin shekarun 1770. Shekara kusan 250 ke nan. Masana na ɗaukarsa a matsayin banjo mafi tsufa da ya rage a duniya, kuma idan suna neman danginsa a Afirka, gurminmu na cikin waɗanda suke ambata, saboda yadda sandarsa ke ratsa ƙwaryar ta ɓullo ta ɗaya gefen. Duma ne fa, irin wanda muke zuba fura. Abin da ya raya shi biyu ne: an ajiye shi inda gara da laima ba su kai, an kuma rubuta inda aka samo shi da lokacin.

Saboda haka aikin farko shi ne sanin abin da ke hannunka. A kasuwa mun saba kiran kowane mai tsirkiya molo, alhali ba haka ba ne. Molo jikinsa itace ne da aka fafe dogo kamar ɗan kwalekwale, tsirkiya uku, sandarsa na bi ta ƙarƙashin fata ta tsaya a wani rami kusa da gindi inda ake ɗaure tsirkiyun. Garaya tsirkiya biyu ce, jikinta ya fi faɗi, an fi rufe ta da fatar gada, kuma tun asali ta mafarauta ce kafin 'yan bori su ɗauka. Babbarta ita ce komo. Gurmi ƙwarya ce zagayayya, shi ne wanda marigayi Haruna Uji na Haɗeja ya yi suna da shi, haka ma Malam Mamman Barka a Nijar. Kuntigi tsirkiya ɗaya ce a kan gwangwanin kifi. Goge da ƙanwarsa kukuma kuwa ba a taɓa su da yatsa ko farke, gogawa ake yi da izga, kuma fatar guza ce a fuskarsu.

A Wagadugu da kewayenta abin ya ƙara rikicewa, domin kowace ƙabila da nata. Mosawa suna da kunde, wanda sunansa aka ba babbar kyautar mawaƙan Burkina da ake rabawa tun 2001, suna kuma da ruudga mai kama da goge. Fulani suna da hoddu, Bambarawa ngoni, Buzaye tahardant, Farafara na wajen Bolgatanga suna da kologo, su kuma Zabarmawa nasu ma molo suke ce masa, shi ne wanda Jaliba Baje ya riƙa ba da tarihin mayaƙa a kansa. Hoddu da ngoni da molo in aka jera su ba tsirkiya, sai gwani ne zai raba su, gwanin ma yana iya kuskure. Unguwa irin Zango, inda Bahaushe da Bazabarme da Bayarabe da Bafillace suka yi zaman haya a gida ɗaya, ba a ce duk abin da ya fito daga cikinta na Hausa ne. Jikin kayan ba ya faɗa maka komai a nan. Mai kawo shi ne zai faɗa, in ka tambaye shi tun bai karɓi kuɗinsa ya juya ba.

Batun shekaru shi ne inda aka fi yin ƙarya, kuma shi ne inda ɗan hankali kaɗan ke hana a cuce ka. Abu na farko, tsirkiya ba ta nuna shekarun jiki. Da can da gashin wutsiyar doki ake murɗa ta. Igiyar kamun kifi ta roba ba ta yawaita a kasuwa ba sai daga shekarun 1950, bayanta kuma aka shiga sa wayar birkin keke. Amma makaɗi na sauya tsirkiya kamar yadda direba ke sauya taya, don haka molo mai igiyar roba yana iya girmar kakanka, mai gashin doki kuma yana iya zama na makon jiya. Fata ma haka. Abin da ke daɗewa shi ne ƙoƙon da sandar.

To a nan ne za ka zuba ido. Leƙa ta ramin ka ga cikin itacen: sawun gizago daban yake da na injin kafinta. Dubi bakin ƙoƙon, in ka ga layin tsofaffin huda fiye da ɗaya a ƙarƙashin fatar da ke kai yanzu, to an sake masa fata sau da yawa, alamar ya yi aiki shekaru. Dubi sandar. Zoben fatar da ake ɗaure tsirkiya da su a wuya, ana matsa su sama da ƙasa don daidaita murya, sukan bar gurbi a jikin sanda, kuma inda yatsun hagu ke hawa yakan yi santsi ya yi duhu, alhali wajen da hannu ba ya kaiwa yana nan da kalarsa. Tsufan gaskiya ba ya zuwa bai ɗaya. Inda gumi ya taɓa daban, inda rigar makaɗi ta goga daban. In ka ga molo ya yi baƙi ƙirin tun daga kai har gindi, har cikin lungun da yatsa ba ya shiga, to shinshina shi. Za ka ji hayaƙin murhu ko man goge takalmi.

Akwai kuma shaidu ƙanana da ke yanke gardama. Kuntigin gwangwani ba zai girmi gwangwaninsa ba, kuma sau da yawa akwai sauran tambari ko rubutu a gindinsa. Kwabo mai huda na zamanin Ingilishi, wanda aka yi ta bugawa daga 1907 zuwa ƙarshen shekarun 1950, in an ɗinka shi don ado, shekarar da ke kansa tana cewa ba a ɗinka shi kafin wannan shekara ba. Ba ta ce a shekarar aka ɗinka ba, domin mai son yaudara ma yana da tsohon kwabo a aljihu. Kuɗin sefa ba a san su ba sai 1945, naira da kwabonta sai 1973. Mafi ƙarfin shaida kuwa shi ne hoto. In iyalin suna da hoton mai kayan riƙe da abinsa, kuma a bayan hoton hatimin mai ɗauka ya ce Haute-Volta, to ka san kafin watan Agusta na 1984 aka buga hatimin, lokacin da ƙasar ta koma Burkina Faso. Wannan hoto kaɗai ya fi rantsuwa goma.

Dole mu faɗi gaskiya a kan tsufan ƙarya, ko da za ta yi wa waɗansunmu zafi. Sana'ar sayar da kayan gargajiya ga Turawa Hausawa sun daɗe a cikinta, daga Abijan har Paris da New York, har wani Ba'amurke, Christopher Steiner, ya rubuta littafi sukutum a 1994 a kan yadda ake cinikin a kasuwannin Abijan, ciki har da yadda ake rataye sabon sassaƙa a hayaƙi, a shafa masa goro da ƙasa don ya yi kama da na da. Ma'ana, asirin ya daɗe da tonuwa. Mai saye na yanzu ya karanta, ya kuma zo da waya a hannu yana kwatanta hotuna. Sakamakon shi ne, ranar da ka samu na gaske, wanda ya cancanci kuɗi mai kauri, ba wanda zai yarda da kai, sai a taya shi kuɗin jabu. Ƙaryar mutum ɗaya a Sankanse tana karya farashin mai gaskiya a Maraɗi.

Abin mamaki ma shi ne sabon kaya ba ya buƙatar ƙarya. A bikin baje kolin sana'o'in hannu na SIAO da ake yi a Wagadugu tun 1988, sabo ake kawowa a ce sabo ne, a faɗi sunan wanda ya yi, kuma ana saye. Makaɗan zamani a Turai da Amurka da ke neman gurmi ko goge, wanda zai yi amo suke so, ba wanda fatarsa ta mutu ba. Ka ce wane ne ya sassaƙa, a gari kaza, bana. Ka samu riba, masassaƙin ya samu suna, gobe a dawo a ce a ƙaro goma.

Sai gyara, inda kyakkyawar niyya ta fi mugunta ɓarna. A ganinmu tilas a raba kaya gida biyu. Akwai wanda har yanzu ana kaɗa shi. Wannan hakkin makaɗinsa ne ya sauya fata, ya sauya tsirkiya da jaki yadda kunnensa ya so, ba ruwan kowa. Akwai kuma wanda ya yi ritaya, mai shi ya rasu ko ya ajiye. Wannan ba a sake masa fata don ya yi kyau a kanta. Fatar da ta tsage, wadda ke da sawun farken mai ita, tana cikin abin da ake saye. Wanda ya yaye ta ya sa sabuwa kamar wanda ya samu tsohuwar wasiƙar kakansa ce ya ga tawadar ta dushe, sai ya bi kanta da biro.

In kuwa gyaran ya zama tilas, misali ƙwarya ta tsage tsagar na tafiya, to a nemi masu abin. Gyartai yana nan, ɗinkinsa na riƙe ƙwarya shekaru, kuma in wani ya zo daga baya da dabarar da ta fi, sai ya warware ɗinkin ba tare da ya fasa komai ba. Wannan ita ce ƙa'idar da masu gyaran mandolin ke bi su ma: suna amfani da gam na fata da ake narkawa a wuta, domin ɗumi da ɗan ruwa na sake buɗe shi. Gam ɗin kanti mai kamawa nan take, da wanda ake haɗa kala biyu a cakuɗa, ba sa buɗuwa; suna shiga cikin itace su ƙandare, ranar da wurin ya sake motsi sai ya fashe a gefe. Ƙusar inci biyu a jikin tsohuwar ƙwarya kuwa ba ma sai an faɗa ba. Aikin fata a kai wa baduku, na itace a kai wa masassaƙi, ceba in ta karye a kai wa maƙeri. Duk abin da aka cire, ko guntun tsirkiya ne ko tsohon jaki, a zuba a 'yar jaka a ɗaure a wuyan kayan.

Ajiya ba ta da wuya, sakaci ne kawai ke kashe mu. Abokan gabar kayan nan huɗu ne, kuma duk mun san su a shagunanmu: hunturu, damina, gara da ɓera. Da hunturu fata na ɗaurewa har ta tsage, ƙwarya ta bi ta. Da damina ta saki, fumfuna ta hau. Don haka a sassauta tsirkiya in za a ajiye, a rataye nesa da ƙasa, kada a jingina da bango mai tsotson ruwa, kada kuma a liƙa shi a ƙarƙashin kwanon rufi inda rana ke gasa shi. A naɗe da ƙyallen auduga, ban da leda, domin leda na tara gumi. Kada a shafa wa fuskar fatar man kaɗanya ko man gyaɗa wai don ta yi laushi. Amon zai mutu, ƙura ta manne, ƙwari su samu abinci. In ka wayi gari ka ga gari-gari mai laushi a ƙarƙashinsa, ƙwaro ne ke cin itacen daga ciki, sai ka raba shi da sauran kaya nan da nan, amma kada ka yi masa wanka da kananzir ko fiya-fiya. Mu kuma masu ɗaura kaya a saman mota daga iyaka zuwa iyaka, tafiyar yini ɗaya a cikin rana a ƙarƙashin tamfol ta isa ta raba tsohuwar ƙwarya biyu.

Tun da mun ambaci mandolin, mu ƙara da cewa shi kansa yakan faɗo mana, a cikin kwantenonin kayan gwanjo da ke sauka Lome da Tema, irin waɗanda mutanen Wagadugu ke kira France au revoir. Mai zagayayyen baya kamar rabin duma, samfurin birnin Napoli na Italiya ne. An ƙera irinsa dubbai a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, akasarinsu na masu koyo ne, ba su da wani kuɗi. Amma a haska tocila a ramin a karanta takardar. Sunaye irin su Vinaccia da Calace da Embergher manya ne, ko da yake su ma an yi ta buga takardunsu na jabu. Kada a ɓamɓare takardar, kada a goge jikin da yashin kafinta, kada kuma a ɗaura masa wayar gita a ja da ƙarfi, domin fuskarsa siririya ce, za ta lotsa. A ɗauki hoto a tambaya kafin a yanke farashi. Iskar hunturunmu ma kaɗai tana iya buɗe haƙarƙarinsa cikin 'yan makonni.

Akwai kuma doka, wadda da yawanmu ba ma tunawa da ita sai mun ga kaya a teburin duwan. A Najeriya dokar hukumar gidajen tarihi ta 1979 ta ambaci kayan kiɗa da sunansu: duk wanda aka yi kafin 1918, ko wanda ke da muhimmancin tarihi kuma aka yi amfani da shi a bikin gargajiya, ba a fitar da shi daga ƙasa sai da izini, cinikinsa ma sai wanda aka amince wa. A Burkina ma fitar da kayan tarihi sai da takardar ma'aikatar al'adu. Ban da wannan, guza da damo suna cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES ta 1973 ta sa wa ido, saboda haka goge mai fatar guza na iya maƙalewa a filin jirgin Turai ko da jiya aka yi shi. Kun ga ke nan wanda ya rantse wa Bature cewa garayarsa ta shekara 200, da bakinsa ya kai ƙarar kansa.

Mun san akwai masu cewa duk wannan ɓata lokaci ne a kan kayan da malamai da yawa ba sa so, musamman garaya da goge saboda alaƙarsu da bori. Ba za mu shiga hurumin malamai ba, ba fagenmu ba ne. Mun kuma san akwai gidajen da 'ya'ya ke jin nauyin a ce ubansu makaɗi ne, har sukan gwammace abin ya ɓace. Amma ajiye abu a matsayin shaida daban, kaɗa shi daban. Takubba da sulke da ke gidan tarihi na Gidan Makama a Kano ba wanda ya ce an ajiye su ne don a koma yaƙi. Wanda ba ya son garaya a ɗakinsa yana da inda zai kai ta ba sai bola ba. A Wagadugu akwai gidan tarihin kayan kiɗa da aka buɗe a 1999, wanda daga baya aka sa wa sunan marigayi Georges Ouédraogo. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya, ita ma tana da ɗakin ajiyar kayan kiɗa. Ba za su biya kuɗin Bature ba, gaskiya ne, wani lokaci ma godiya kawai za a samu. Amma ya kamata a fara taya wa dangin mai kayan, sa'annan irin waɗannan wurare, kafin a kai ga baƙo.

Misalin Mamman Barka ya isa ya nuna abin da ake nufi. A 2002 ya tafi bakin tafkin Cadi ya zauna wajen Bukar Tar, wanda ake ganin shi ne gwani na ƙarshe na biram, abin kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar da siffar jirgin ruwa. Ya koya, tsohon ya miƙa masa biram ɗin, ya zaga duniya da shi kafin rasuwarsa a 2018. Da wani ɗan kasuwa ya riga shi zuwa ya saye a jaka biyar ya tura Turai a matsayin adon falo, da ba wanda zai san yadda ake ɗaure shi, balle amonsa. Haka kuntigin Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. In aka ajiye shi a tabarmar gwanjo ba suna, gwangwani ne da guntuwar fata, ko yaro ba zai taya ba. In aka tabbatar nasa ne kuwa, gwamnoni ma sai sun yi rububi.

Abin da muke roƙon 'yan uwa bai kai kuɗin kati ɗaya na waya ba. Duk tsohon abin kiɗa da ya shigo hannunka, kafin ka biya, ka zaunar da mai kawowa ka ba shi ruwa, ka tambaye shi: na wane ne, ɗan wace unguwa, wa ya sassaƙa, wa yake yi wa kiɗa, mafarauta ko 'yan kokawa ko fatake ko gidan biki, yaushe ya rasu, ta yaya abin ya zo hannunka. Ka rubuta, da boko ko da ajami ko da Faransanci, duk ɗaya ne, ka sa kwanan wata da sunan kasuwar. Abin da bai sani ba ka bar gurbinsa fari, kada ka cike masa. Ka ɗauki hoton kayan gaba da baya da wayarka, in ya yarda ka naɗi muryarsa. Takarda ɗaya ta bi kayan, ɗaya ta zauna a littafin shago tare da lissafin bashi. Sarakunan Zango da shugabannin kasuwa suna iya sa baki a nan, kamar yadda suke shaida cinikin gida ko na shanu.

Game da Zangon Wagadugu kuwa lokaci ya ƙure. Yau fiye da shekara 20 ke nan da rushe unguwar. Wanda yake da shekara 50 a lokacin yanzu ya haura 70. Waɗannan dattawa da ke zaune a gefen Ouaga 2000 da Nioko su ne kaɗai za a nuna wa tsohon molo su juya shi su ce na wane ne, a zauren wane yake kwana, ga wanda ya fasa masa gefe ranar wani biki. Duk ɗan kasuwar da ke da irin wannan kaya a bayan shago, wanda ya san daga Wagadugu ya fito, ya naɗe shi a ƙyalle ya tafi da shi a tafiyarsa ta gaba, ya nemi majalisarsu bayan la'asar, ya riƙe biro da takarda.